RUWA BA YA TSAMI BANZA: Nazari a kan Faɗuwar Sukarin Jini ga Yaro Mai Ciwon Sukari

Gabatarwa

Yawancinmu in muka ji an ambaci ciwon sukari, dattawa ne suke faɗo mana a rai. Amma akwai irin da yake kama yara da matasa, wanda likitoci suke kira iri na ɗaya. A wannan iri, wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna fankiriyas takan daina yin insulin, wato sinadarin da yake buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. Ba yawan shan zaƙi ne yake kawo shi ba, ba kuma laifin iyaye ba ne. Kafin shekarar 1921, sa'ad da Frederick Banting da Charles Best suka yi nasarar fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da wannan ciwo ba ya daɗewa a duniya. Wanda aka fara yi wa allurar a watan Janairu 1922 yaro ne mai suna Leonard Thompson, tsaran 'yan aji uku namu, ya kuwa ƙara shekara 13 a duniya bayan haka.

Allurar da take riƙe da ran yaron ita ce kuma take iya jefa shi cikin hatsari. Jikin mai lafiya yakan rage insulin da kansa da zarar sukari ya fara sauka. Amma wanda aka zuba ta allura ba a iya janye shi, zai ci gaba da aikinsa ko yaron ya ci abinci ko bai ci ba. Idan ya fi abin da jiki yake bukata, sai sukarin jini ya faɗi. Wani lokaci dalilin a fili yake, misali yaron ya yi allura bai karya kumallo ba. Wani lokaci kuwa iyaye da malamai sukan ce, "Mun yi kome daidai. Ya ci abincinsa, ya yi allurar da ya saba, ga shi kuma ya faɗi." Irin wannan faɗuwa ce za mu yi nazari a kai. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Dalili yana nan, sai dai yakan ɓuya a inda ba mu saba dubawa ba.

1. Yadda za mu gane ta

Na'urorin gwajin sukari iri biyu ne. Waɗansu suna nuna ma'aunin mmol/L, waɗansu kuma mg/dL. In aka ninka na farko sau 18 sai a sami na biyu. Sa'ad da gwaji ya nuna ƙasa da 3.9, wato 70 a ɗaya ma'aunin, lokacin ɗaukar mataki ya yi. In ya kai ƙasa da 3.0, wato 54, ƙwaƙwalwa ta fara shan wahala, gama sukari ne abincinta, ba ta kuwa da wurin ajiya nata na kirki.

Alamun farko su ne yunwa farat ɗaya, gumi mai sanyi, karkarwar hannu da bugun zuciya. In ba a kula ba, sai ciwon kai, gani dishi-dishi, magana ta sarƙe, tafiya ta zama tangaɗi. Yaro mai ladabi ya soma taurin kai, ko kuka, ko faɗa ba gaira ba dalili. Wanda ya iya lissafi ya zuba wa allo ido ya kasa haɗa biyu da uku. Daga nan sai jijjiga da suma. Da dare kuwa alamun su ne mugun mafarki, zanen gado ya jiƙe da gumi, ko yaron ya yi wuyar tashi da safe.

Mu lura, kowace alama a cikin waɗannan tana kama da wani abu dabam. Malami zai iya ɗauka rashin kunya ne ya ɗauko bulala. Abokai za su iya cewa ya sha wani abu. Waɗansu su ce farfaɗiya ce, waɗansu su ce iskoki. Kowane minti da aka ɓata a kan irin wannan zato, ƙwaƙwalwar yaron ce take biya.

2. Ceto tukuna, bincike daga baya

Idan yaron yana iya haɗiya:

(a) A zaunar da shi. Kada a aike shi ɗakin magani shi kaɗai.

(b) A ba shi sukari mai saurin shiga jini. Awon da likitocin yara suke bi shi ne giram 0.3 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 30 yana bukatar giram 9, mai kilo 50 giram 15. Cokalin shayi ɗaya na sukari kusan giram 4 ne, saboda haka cokali 2 zuwa 3 ga ƙarami, 4 ga babba, a dama a rabin kofin ruwa. Babban cokali ɗaya na zuma, ko kusan rabin ƙaramar kwalbar lemo mai sukari, su ma sun isa. Lemon da aka rubuta ba sukari a cikinsa ba shi da amfani a nan. Cakulan da madara da ƙuli-ƙuli kuma sukan yi jinkiri, domin mai yana hana sukari saurin wucewa.

(c) A jira minti 15 a sake gwaji. In har yanzu yana ƙasa da 3.9, a maimaita.

(d) In ya dawo daidai, a ba shi abin da zai riƙe ciki, kamar burodi ko ayaba ko biskit.

In babu na'ura a kusa, alamu kuwa sun bayyana, a ba shi sukarin. Cokali uku da aka ba shi bisa kuskure ba su kai jinkiri illa ba.

Idan kuwa ya suma ko yana jijjiga, a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko manja, kada a cusa masa cokali a baki, kada a yi masa hayaƙi. Akwai allura mai suna gulukagon wadda take sa hanta ta saki sukari, rabin miligiram ga yaron da bai kai kilo 25 ba, miligiram 1 ga wanda ya wuce. In akwai ta da wanda aka koya masa, a yi ta. In babu, a jiƙa ɗan sukari da ɗigon ruwa a shafa ƙarƙashin harshe ko cikin kumatu kaɗan kaɗan. Likitoci sun gwada wannan dabara ta ƙarƙashin harshe a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso da Sikasso ta Mali, a kan yaran da zazzaɓin cizon sauro ya saukar musu da sukari, suka ga tana taimako. Amma taimakon kan hanya ne. A garzaya asibiti domin a sa masa ruwan sukari ta jijiya. Addu'a tana da wurinta, sai a yi ta ana tafiya.

3. Bin sawun dalili

Sukarin yaron nan kamar tukunya ne a kan duwatsun murhu uku: abinci, insulin da aikin jiki. Ɗaya ya gusa, tukunya ta karkace. A bayansu kuma akwai hanta, wadda take kamar rumbu, tana tara sukari tana sakinsa kaɗan kaɗan tsakanin abinci da abinci. Bari mu duba wurare huɗu da dalili yakan ɓuya.

Na ɗaya: abin da ya faru jiya

Kuskurenmu shi ne mukan tambayi abin da yaron ya yi cikin awa ɗaya da ta wuce, alhali ya kamata mu koma baya har awa 24. Bayan wasan ƙwallo ko gudu, tsokoki sukan ci gaba da jan sukari daga jini domin su mayar da abin da suka ƙone. An lura hatsarin yakan dawo wajen awa 7 zuwa 11 bayan wasan. Wanda ya buga ƙwallo da ƙarfe 4 na yamma, daga 11 na dare zuwa 3 na asuba ne lokacinsa, sa'ad da kowa yake barci. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2005, an kwantar da yara 50 masu shekara 11 zuwa 17 dare biyu a asibiti. A daren da suka yi motsa jiki da yamma, sukarin 24 daga cikinsu ya faɗi. A daren da suka huta, 14 ne kawai.

A makarantar kwana kuwa ba wasa ne kaɗai aikin jiki ba. Ɗibar ruwa, yankan ciyawa, noma a gonar makaranta, wanki ranar Asabar, fareti, har da horon da firifet ya bayar, jiki bai san bambancinsu da ƙwallo ba. Ba a rubuta su a jadawali, shi ya sa ba a lissafa su.

Mu dubi abinci kuma. Kwano ɗaya ne, amma kunun yau ya fi na jiya ruwa, ko tuwon ya ragu, ko an makara da rabawa bayan yaron ya riga ya yi allura. Sa'an nan ga tsawon dare. In an ci abinci da ƙarfe 6 na yamma, ba a sake ci ba sai 7 na safe, awa 13 ke nan. Insulin mai fari-fari da yara da yawa suke yi, wanda ake kira NPH, da irin da aka gauraya da shi, ƙarfinsa yakan kai ƙololuwa wajen awa 4 zuwa 8 bayan allura. Wato yana kan ganiyarsa daidai lokacin da ciki ya zama wayam.

Azumi ma haka ne, kada yaron da yake allurar insulin ya shiga shi sai da shawarar likita. Giya da burukutu kuwa sukan hana hanta sakin sukari, rumbu ya kulle, faɗuwar ta zo cikin dare ko washegari da safe.

Na biyu: kwalba da sirinji

Insulin yana zuwa da ƙarfi dabam-dabam, misali U-40 da U-100, kowanne da sirinjinsa. In aka ja U-100 da sirinjin U-40 zuwa layin 10, yaron ya karɓi yunit 25 ne, wato ninki biyu da rabi. Mai allura zai rantse 10 ya ja, gaskiya kuwa ya faɗa. Duk lokacin da aka sayo sabuwar kwalba ko sabon sirinji, a karanta lambar da ke jikin kowanne.

Insulin mai fari-fari yana kwantawa a gindin kwalba kamar ƙullu. Sai an mirgina kwalbar a tafin hannu a hankali har ta haɗu. In ba haka ba, allurar yau ta yi rauni, ta gobe ta yi ƙarfi. Haka kuma kwalbar da ta sha rana ko ta daɗe a buɗe fiye da mako huɗu takan rage ƙarfi, a yi ta ƙara wa yaron yawan allura. Ran da aka buɗe sabuwa mai cikakken ƙarfi da wannan yawan, sai sukari ya faɗi. Akwai kuma musayar kwalba cikin duhu, a ɗauki mai saurin aiki a maimakon mai jinkiri.

Wurin allura ma yana da magana. Yara sukan so wuri ɗaya domin ya daina zafi, har kitse ya taru ya yi ƙullutu ƙarƙashin fata. Insulin ba ya shiga jini sosai daga ƙullutun. Ran da aka koma lafiyayyar fata, dukansa ya shiga. Ga yaro siriri kuma, doguwar allura takan wuce kitse ta shiga tsoka, inda insulin yake saurin tafiya, balle in cinya ce aka yi wa sa'an nan aka fita gudu. Zafin bazara da wanka da ruwan zafi su ma suna ƙara masa sauri.

Ko gwajin kansa yana iya ruɗinmu. Yatsan da ya taɓa mangwaro ko rake, in ba a wanke ba, zai nuna sukari ya hau, a ƙara insulin a kan ƙarya. Masu ɗan faifan gwaji da ake mannawa a dantse kuma, in suka kwanta a kansa yakan nuna faɗuwar da babu ita. A tabbatar da jinin yatsa.

Na uku: jikin yaron ya canja

Makonni ko watanni bayan an fara allura, fankiriyas yakan ɗan farfaɗo ya yi insulin kaɗan. Abin da yaron yake bukata daga waje sai ya ragu ƙwarai, allurar da ta yi daidai a watan jiya ta yi yawa a wannan wata. Wannan lafawa takan ɗauki watanni, wani lokaci shekara ko fiye, amma takan wuce. A nan ne iyaye da yawa sukan ce yaron ya warke, ko maganin gargajiyar da aka ba shi ya ci, su daina allura. Likita ne zai rage ta. Daina ta gaba ɗaya yana iya kashe yaron cikin 'yan kwanaki in lafawar ta ƙare.

Lokacin balaga jiki yana bukatar insulin mai yawa, in girma ya tsaya bukatar ta sauka. Wannan ya shafi 'yan manyan azuzuwa. Waɗansu 'yan mata kuma sukarinsu yakan hau kafin al'ada, ya sauka in ta fara. Amai da zawo sukan hana abinci zama, zazzaɓin cizon sauro kuwa yana iya hawar da sukari ko ya saukar da shi. Ranar rashin lafiya a yawaita gwaji, a nemi likita, kada a tsayar da allura bisa ra'ayin kai.

In faɗuwar ta yi ta maimaituwa, akwai cututtukan da likita zai nema, domin sukan bi ciwon sukari iri na ɗaya. Akwai siliyak, inda hanji ba ya jure wani sinadari da ke cikin alkama, har ya kasa tsotse abinci. Yaron ya ci burodi ko taliya, amma abincin bai isa jini ba. Yakan zo da kumburin ciki, zawo ko rashin girma. Dawa, gero, masara, shinkafa da acca ba su da wannan sinadari. Akwai cutar Addison, wadda wani likitan Landan, Thomas Addison, ya bayyana a 1855. Ƙananan gaɓoɓin da ke saman ƙoda ne suke gazawa. Ba ta da yawa, amma tana da hatsari. Alamunta gajiya, rama, jiri in an miƙe, kwaɗayin gishiri, da duhun fata har cikin baki da layukan tafin hannu. Raunin gaɓar gaban wuya, wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo, da ciwon ƙoda, su ma suna sa insulin ya yi wa jiki yawa. Da gwajin jini ake gano su.

Na huɗu: abin da yaron bai faɗa ba

Wani babban ɗalibi ya ƙwace masa burodi, yana tsoron kai ƙara. Ko ya ba aboki abincinsa. Ko yana jin kunyar cin wani abu a aji. Ko ya manta ya yi allura sau biyu. Ko ya ƙara allura a ɓoye don ya sha alewa kamar sauran yara. Akwai kuma wanda baƙin ciki ya yi masa yawa har ya cuci kansa da gangan, wannan yana bukatar taimako da gaggawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma yaro ba zai buɗe cikinsa ga mai riƙe da bulala ba. A tambaye shi a keɓe, da taushin murya, a tabbatar masa ba horo ake nema ba.

4. Sa'ad da ƙararrawa ta daina bugawa

Gumi da karkarwa ƙararrawar jiki ce. In sukari ya yi ta faɗuwa a kai a kai, jiki yakan saba, ƙararrawar ta yi shiru. Yaron yana cikin hira lafiya, sai a ga ya zube. A nan ma akan ce ba dalili, alhali ƙananan faɗuwa da yawa ne suka gabata, galibi da dare, ba wanda ya sani. Abin farin ciki shi ne, in aka kiyaye shi daga faɗuwa har mako 2 zuwa 3, alamun sukan dawo.

5. Amfanin ɗan littafi

Ba mai iya riƙe duk waɗannan a ka. A saya wa yaron littafin rubutu guda. Kullum a rubuta lokacin gwaji da lambar da ta fito, yawan allura da wurin da aka yi ta, abin da ya ci da lokacin, kowane aikin ƙarfi, ranar buɗe sabuwar kwalba, da rashin lafiya in akwai.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata ɗaliba ta tashi da ciwon kai da gumi sau huɗu cikin wata ɗaya. Kowace rana in aka dube ta ita kaɗai, ba a ga kome ba. Da aka jera ranakun, sai aka ga duka safiyar Alhamis ce. Me ake yi ran Laraba da yamma? Gidan kwanansu ne yake da aikin gona. Dalili ya fito. Likita zai iya rage allurar yammar Laraba, ya ce ta ci wani abu kafin barci, a kuma gwada ta wajen ƙarfe 2 na dare har a ga ta daidaita. Ba a hana ta aiki ko wasa, gama motsa jiki yana da amfani gare ta. Shiri ne kawai ake yi masa.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye, ku sanar da makaranta tun ranar farko, ɓoyewa ba ta kare yaro. Malamai, mu bar shi ya ci ko ya sha a aji in ya ji alama, kada kuma mu yi masa horo da hana abinci. Masu kula da gidajen kwana, a ajiye sukari inda hannu zai kai da dare, a kwantar da shi a gadon ƙasa kusa da wanda ya san alamun. Masu dafa abinci, in za a makara, a aika a faɗa masa kafin ya yi allura. Ɗalibai, ciwon nan ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko cin abinci tare. In abokinku ya canja muku farat ɗaya, ɗaya ya tsaya tare da shi ya ba shi sukari, ɗaya ya ruga ya kira malami. Duk faɗuwar da ta kai ga suma ko jijjiga, da wadda ta maimaitu ba a gano dalilinta ba, a kai wa likita tare da littafin.

Tambayoyi domin nazari

1. Na'ura ta nuna 3.5 mmol/L. Nawa ke nan a ma'aunin mg/dL, me kuma za ka yi?
2. Yarinya mai kilo 40 tana bukatar giram nawa na sukari? Cokalin shayi nawa ke nan?
3. An ja insulin U-100 da sirinjin U-40 zuwa layin 8. Yunit nawa aka yi wa yaron?
4. Ka lissafa ayyuka biyar na makarantar kwana da za su iya saukar da sukari cikin dare.
5. Don me bai kamata a daina allura ba sa'ad da yaro ya yi kamar ya warke?